Fakitin ORS da zink: sharhi kan garin gishiri da sukari da yadda yake ratsa tantanin hanji

Kayan da za mu duba a nan shi ne haɗaɗɗen fakitin nan na gudawar yara da ake sayarwa a kemis, ake kuma bayarwa a asibitocin sha-ka-tafi: ƙullin garin ORS guda biyu, wanda jama'a suka fi sani da ruwan gishiri da sukari, tare da katin ƙwayar zink guda 10. Kamfanoni da dama ne ke yin sa. Suna da launin kwali sun bambanta, amma duk mai inganci a cikinsu awo ɗaya yake bi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar a farkon shekarun 2000. Saboda haka sharhin bai tsaya kan kamfani ɗaya ba.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, duk gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya kamata a ce akwai fakitin nan a ajiye kafin ciwo ya zo. Da wuya a samu wani magani a kan kantar kemis da ke ceton rai da kuɗi kaɗan kamar sa. Sai dai yana da sharaɗi guda mai tsauri: ba ya yafe kuskuren awo. Dalilin haka kuwa yana cikin ginin tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin halittar hanji, kuma wanda ya fahimci wannan tantani ba zai sake dama ORS da ka ba.

Abin da ke cikin ƙullin

Ƙulli ɗaya na lita guda nauyinsa giram 20.5 ne. A ciki akwai gulukos giram 13.5, gishirin abinci (wato haɗin sodiyam da kuloraid) giram 2.6, gishirin fotasiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9. Idan aka narkar da shi a cikakkiyar lita ta ruwa, ana samun sodiyam milimol 75 (milimol ma'aunin yawan sinadari ne), gulukos milimol 75, kuloraid 65, fotasiyam 20, sitiret 10. Jimillar kaurin haɗin 245 ke nan a ma'aunin da ake auna yawan narkakkun sinadarai a ruwa. Na jinin mutum yana tsakanin 275 da 295. A riƙe waɗannan lambobi biyu, 245 da kusan 290, domin komai a kansu ya rataya.

Tsohon haɗin da aka yi amfani da shi tun 1975 ya fi wannan kauri: sodiyam 90, gulukos 111, jimilla 311, wato ya ɗan haura na jini. Da aka gwada sabon a kan yara, an ga buƙatar komawa ga ƙarin ruwa ta jijiya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, amai ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, yawan kashin kuma da kusan kashi 20. Shi ya sa idan za a saya a duba lambobin da ke bayan ƙullin. In an ga sodiyam 75 da gulukos 75, shi ne na yanzu.

Sitiret ɗin ma yana da tarihi. Da can bakabonet, wani gishiri mai rage tsamin jini, ake sakawa, amma a wuri mai zafi da danshi yakan haɗu da gulukos ya sa garin ya dunƙule ya yi ja-ja. A 1984 aka maye gurbinsa da sitiret, wanda ya fi jure ajiya. Ga ƙasa mai zafi irin tamu wannan gyara ne mai amfani ƙwarai.

Tantanin da ruwan zai ratsa

Ruwan da yaro ya haɗiya bai shiga jikinsa ba tukuna. Yana cikin hanji ne kawai, kuma tsakaninsa da jini akwai layi ɗaya na ƙwayoyin halitta da suka shimfiɗe bangon hanjin. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba, wato in aka raba milimita ɗaya gida dubu ɗari, bai fi gida ɗaya ba. Asalin ginin wannan tantani maiƙo ne, irin wanda ake kira fosfolifid. Kowane ɗigo nasa yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Tunda akwai ruwa ciki da wajen ƙwayar, sai su jeru sahu biyu, kawuna na fuskantar ruwa ta kowane ɓangare, wutsiyoyi sun haɗu a tsakiya. Wasu masana biyu 'yan Holan, Gorter da Grendel, su suka fara nuna cewa sahu biyu ne, a 1925, bayan sun tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka auna faɗinsa. A 1972 Singer da Nicolson suka kawo bayanin da ake koyarwa a makarantu har yau: tantanin ba sandararre ba ne, maiƙon yana motsi, furotin iri-iri na nutse a cikinsa suna yawo, kolestarol kuma yana tsakanin wutsiyoyin yana daidaita taushinsa.

Tsakiyar nan mai maiƙo ita ce shingen. Iskar oksijin da kabon dayoksaid suna wuce ta kai tsaye. Ruwa yana ɗan ratsawa, amma a hankali. Sodiyam, fotasiyam da kuloraid kuwa, da yake suna ɗauke da cajin lantarki, ba su da hanya sam. Gulukos shi ma ya yi girma, ga shi mai son ruwa. Duk waɗannan sai ta furotin ɗin da suka huda tantanin daga wannan gefe zuwa wancan. Abin ya yi kama da ganuwar birni: katangar ba ta ratsuwa, sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma da irin wanda take bari ya wuce. Wasu furotin ɗin rami ne da ke buɗewa da rufewa, wasu suna kama abu su juya su sake shi a ɗaya gefen, wasu kuma famfo ne da ke ƙona makamashi su tura abu zuwa inda ya riga ya yi yawa. Akwai ma na ruwa zalla, akwaforin, wanda gano shi ya jawo wa Peter Agre kyautar Nobel a 2003.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne tantanin ba shi da famfon tura ruwa. Ruwa bin narkakkun sinadarai yake yi, daga inda suka yi ƙaranci zuwa inda suka yi yawa. Wannan shi ne osmosis. Jar ƙwayar jini in aka saka ta a ruwa zalla, kumbura take har ta fashe. In aka saka ta a ruwan gishiri mai kauri, motsewa take. A ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari, irin na ledar ƙarin ruwa, zama take yadda take. Don haka in hanji yana son ya tsotsi ruwa, dole ya fara shigar da gishiri, ruwan ya biyo baya.

Ƙofar da garin ya dogara da ita

Ƙwayar bangon hanji tana da fuska biyu, kuma furotin ɗin kowace fuska daban ne. A fuskar da ke kallon jini akwai famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957. A kowane zagaye yana fitar da sodiyam uku daga ƙwayar, ya shigo da fotasiyam biyu. Da wannan aiki marar tsayawa sodiyam na cikin ƙwayar yake zama kaɗan, wajen milimol 10 zuwa 15, alhali a jini yana kusan 140. Ke nan kullum sodiyam na waje yana matsa lamba ya shiga.

A fuskar da ke kallon abinci kuwa akwai wani furotin da ake kira SGLT1. Ba ya juyawa sai ya kama sodiyam biyu da gulukos ɗaya a lokaci guda. Sodiyam shi kaɗai ba ya wucewa ta nan, gulukos shi kaɗai ma haka. Da sun haɗu, matsin sodiyam ya ja gulukos ciki. Daga nan famfon nan na fuskar da ke kallon jini ya tura sodiyam zuwa jini, gulukos ya fice ta wata ƙofa mai suna GLUT2, kuloraid ya bi sodiyam, ruwa kuma ya bi su duka, wani ta cikin ƙwayoyin, wani ta tsakankaninsu. Robert Crane ne ya fara bayyana wannan haɗin gwiwa na sodiyam da gulukos a 1960.

Muhimmancinsa ya fito fili ne a cutar kwalara. Hanjin babban mutum yana sarrafa ruwa lita 8 zuwa 9 a yini, in an haɗa abin da aka sha da yawu da ruwan ciki da sauran abin da jiki ke zubawa don narkar da abinci, kuma kusan duka yake mayarwa jini. Dafin ƙwayar kwalara yana manne wa tantanin ƙwayar hanji, ya shiga ciki, ya sa ƙofar kuloraid da ake kira CFTR ta tsaya a buɗe. Kuloraid ya riƙa kwarara cikin hanji, sodiyam da ruwa suna biye, har babban mutum ya iya zubar da lita guda a awa ɗaya, kashin fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Dafin yana kuma toshe hanyar da hanji ya saba tsotsar gishiri shi kaɗai. Amma bai taɓa SGLT1 ba. Wannan ƙofa tana nan tana aiki a tsakiyar ciwon, muddin aka kawo mata sodiyam da gulukos tare. ORS ba komai ba ne illa waɗannan biyun a awon da ya dace.

A 1968 David Nalin da Richard Cash suka nuna a Dakka, babban birnin Bangaladash a yau, cewa wannan ruwa na sha yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kusan kashi 80 cikin ɗari ga masu kwalara. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama haɗin a durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa kashi 3.6.

Sauran kayan biyu, fotasiyam da sitiret, kowanne da aikinsa. Gudawa tana kwashe fotasiyam, kuma shi ne ke riƙe cajin lantarkin tantanin tsoka da na zuciya. In ya yi ƙasa, jiki ya saki, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice. Tana kuma kwashe bakabonet, jini ya yi tsami, yaro ya riƙa numfashi da sauri da zurfi. Hanta tana mayar da sitiret bakabonet, ta cike giɓin. Waɗannan biyun su ne fifikon ƙullin kemis a kan haɗin gida na cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda. Haɗin gida yana taimakawa in babu ƙullin a kusa, amma babu fotasiyam ko sitiret a ciki, kuma sukarin shayi rabinsa ne kawai gulukos. Ɗaya rabin, furuktos, wata ƙofa yake bi wadda ba ta jan sodiyam.

Damawa, da inda ake samun matsala

A wanke hannu da sabulu. A auna ruwa mai tsabta lita ɗaya cif a mazubi mai murfi. In ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi tukuna, a bari ya huce, sannan a auna, domin tafasa tana rage shi. A yage ƙullin a juye garin duka, a motsa har ya narke. Ba a tafasa shi bayan an haɗa. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a dama sabo, saboda ruwa mai sukari a ɗaki mai zafi wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne.

Babban raunin wannan kaya shi ne kalmar lita. An rubuta ta a jikin ƙullin, amma ba a saka abin awo a fakitin ba, kuma gidaje da yawa ba su da mazubin da aka san cikinsa. Mafita mafi sauƙi ita ce ledar fiya wata: in an rubuta 50cl a jikinta, leda biyu lita ɗaya ke nan. A karanta rubutun, domin akwai masu 60cl. Haka kuma akwai ƙullin ORS da aka yi don rabin lita, saboda haka a duba kowane ƙulli kafin a yage, kada a ɗauka duk ɗaya ne.

Ga abin da kuskure ke haifarwa a lissafe. In aka juye ƙullin lita a leda ɗaya ta 50cl, sodiyam ya zama 150, kaurin haɗin ya zama 490, nesa da na jini. Yanzu ruwa zai juya ne daga jikin yaron zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru, gishirin jininsa ya hau. Da ya hau, ruwa zai fita daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta tantaninsu, su motse, abin da ke iya kawo jijjiga har ma da rasa rai. Wannan shi ne kuskure mafi haɗari, kuma yakan zo ne da kyakkyawar niyya, a ce a yi shi da kauri don ya fi ƙarfi. In aka juye a gorar ruwa ta 75cl, sodiyam 100 ne, kauri kusan 327, an koma sama da tsohon haɗin da aka bari. In kuma aka juye a babbar gora ta lita ɗaya da rabi, sodiyam ya sauka 50, haɗin ya yi salam, bai isa ya mayar da gishirin da ake zubarwa ba. Raba ƙulli biyu da ido don a dama rabi shi ma ba shi da tabbas, domin garin haɗin abu huɗu ne masu nauyi daban-daban, ba lallai kowane rabi ya ɗauki rabonsa daidai ba. Wanda ya dama ya ɗanɗana kafin ya ba yaro: bai kamata ya fi hawaye gishiri ba.

Ƙara sukari don yaro ya karɓa kuskure ne na biyu. SGLT1 tana da iyakar abin da take iya ɗauka. Sukarin da ya wuce wannan iyaka yana zama a hanji ya jawo ruwa. Wannan dalili ne ya sa lemon kwalba, lemon kwali da kayan sha masu ƙara kuzari ba sa maye gurbin ORS. Lemon kwalba yana da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, fiye da ninki bakwai na ORS, sodiyam kuwa kusan babu. Garin gulukos na gwangwani da ake damawa marar lafiya shi ma haka, sukari ne babu abokin tafiyarsa. Kada kuma a dama garin a madara, koko ko shayi. A ba da waɗannan daban.

Game da yawan da za a ba, in yaro bai nuna alamar bushewa ba, wato ƙarewar ruwan jiki, bayan kowace gudawa ɗan ƙasa da shekara biyu ya sha mililita 50 zuwa 100, ɗan shekara 2 zuwa 10 ya sha 100 zuwa 200, wanda ya haura haka ya sha iya son ransa. In alamun bushewa sun fara, wato ƙishirwa mai tsanani, rigima, idanu sun zurma, ma'aikatan lafiya suna lissafa mililita 75 a kowane kilo cikin awa huɗu. Yaro mai kilo 10 zai sha mililita 750, leda ɗaya da rabi ke nan. Da cokali ake ba ƙaramin yaro, cokali ɗaya kowane minti ɗaya zuwa biyu, ba a ɗura masa. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali fiye da da. Amai ba dalilin dainawa ba ne, domin yawanci abin da ya tsaya a ciki ya fi wanda ya fito.

A ci gaba da ba da nono, a ci gaba da abinci. Ƙwayoyin bangon hanji suna sabuntuwa duk bayan kwana uku zuwa biyar, kuma da abinci ake gina sababbin. Hana yaro abinci don hanji ya huta jinkirta warkewarsa ne. Wannan ya fi muhimmanci a gudawar da bairos ɗin rota ke kawowa, wadda ke lalata ƙwayoyin saman bangon kai tsaye. Ko a nan ma ƙofofin da suka rage sun isa ORS ya yi aiki. Najeriya ta saka rigakafin rota cikin alluran yara a 2022, amma rigakafin bai shafi sauran masu kawo gudawa ba.

Ƙwayar zink

Kowace ƙwaya miligiram 20 ce. Ɗan wata shida zuwa sama yana shan guda a rana, wanda bai kai wata shida ba yana shan rabi, tsawon kwana 10 zuwa 14. Tana narkewa a cokalin ruwa ko na nono cikin ɗan lokaci, ba sai an daka ba. Zink yana taimaka wa bangon hanji ya gyaru, yana rage tsawon ciwon, yana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar haɗa shi da ORS tun 2004, a 2019 kuma aka saka haɗaɗɗen fakitin cikin jerin muhimman magunguna na hukumar. Haɗa su wuri guda dabara ce mai kyau, domin in aka bar su a rabe, sau da yawa ɗaya ake saya a bar ɗaya.

Matsalarsa biyu ce. Yana iya tayar da zuciya in ciki babu komai, don haka a ba shi bayan nono ko abinci. Sannan da gudawa ta tsaya a kwana na uku, iyaye sukan ajiye katin. Amfanin kariyar yana cikin shanye kwana goman, ko yaro ya koma wasa.

Abin da bai gamsar ba, da wanda bai dace da shi ba

ORS ba ya tsayar da gudawa, kuma ba a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jikin yawancin fakitin ba. Aikinsa mayar da ruwa da gishirin da ake rasawa ne har jiki ya kori cutar. Uwar da ba a yi wa wannan bayani ba za ta ga yaro yana sha yana zawo, ta ce maganin bai karɓe shi ba, ta koma kemis a haɗa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yawancin gudawar yara mai ruwa-ruwa bairos ne ke kawo ta, kuma waɗannan magunguna ba sa taɓa bairos. Magungunan da ke ɗaure hanji kuwa ba a ba ƙananan yara su sam. Hakkin mai kemis ne ya ce wa mai saye, "Hajiya, wannan ba zai tsayar da zawon yau ba, amma zai hana ruwan jikinsa ƙarewa, ki ci gaba da ba shi." Jimla ɗaya ce, kuma tana canza yadda ake amfani da kayan gaba ɗaya.

Bayanin da ke jikin fakitin da yawa da Turanci ne ko Faransanci, da ƙananan haruffa. Masu zanen hoto na matakan damawa sun fi amfani nesa ba kusa ba, kuma in akwai zaɓi su za a ɗauka. Muna ganin lokaci ya yi da masu yin kayan za su rubuta matakan da Hausa, da boko da ajami, su kuma nuna lita da abin da mutane ke da shi a hannu. Ɗanɗano ma abin dubawa ne. Wanda ba a saka masa ƙamshi ba yana da gishiri-gishiri da ɗan bauri, yaron da ya bushe sosai yana sha da zalama, wanda ya fara samun sauƙi kuma yakan ƙi. Mai ɗanɗanon lemo ya fi shiga, kuma babu laifi a cikinsa in lambobin bayan ƙullin sun yi daidai. Ƙulli biyu sukan ishi ƙaramin yaro kwana biyu, amma ga babban mutum mai kwalara ba su kai ko'ina ba.

Akwai inda za a ajiye cokali a nufi asibiti nan take: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya galabaita ko barci ya rinjaye shi ba ya farkawa sosai, fatar cikinsa in an tsunkula ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, akwai jini a kashin, zazzaɓi mai zafi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. In bushewar ta yi tsanani, jini ya riga ya ragu, sai ƙarin ruwa ta jijiya. In yana iya haɗiya a riƙa ba shi a hanya, in ba ya cikin hayyacinsa kada a zuba masa komai a baki. Faɗawar maɗigar jariri alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, ba ciwo ne na kansa da za a shafa wa magani a ka ba. Haka nan danganta gudawa da fitar haƙori yana sa a yi jinkiri, alhali ruwan da ake zubarwa ɗaya ne ko mene ne sanadi.

Yaro mai tamowa mai tsanani, wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, shari'arsa daban ce, kuma dalilin yana komawa ga tantani. Yunwa tana raunana famfon sodiyam da fotasiyam, sai sodiyam ya taru cikin ƙwayoyin jikinsa, fotasiyam ya zube. Ba shi haɗin nan mai sodiyam 75 da yawa yana iya cika masa jini da ruwa har zuciya ta gaza. Cibiyoyin kula da tamowa suna amfani da wani haɗi na musamman mai suna ReSoMal, mai sodiyam kusan 45 da fotasiyam 40, a ƙarƙashin idon ma'aikaci, sai fa in kwalara ce. Irin wannan yaro cibiya za a kai shi. Mai ciwon ƙoda shi ma ya tuntuɓi likita tukuna, saboda ƙodarsa ba ta iya fitar da rarar fotasiyam.

Wajen saye a Najeriya a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa a kan ƙullin da kuma katin zink, domin ranakun biyu ba lallai su zo ɗaya ba. A girgiza ƙullin kusa da kunne, garin ya kamata ya yi motsi. In ya dunƙule, ko ledar ta huje, ko an buɗe an ga ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa alhali ba mai ɗanɗanon lemo ba ne, danshi ya shiga, a mayar. Ƙullin da aka yi da leda mai rufin alminiyam a ciki ya fi na takarda jure damina. A gida a ajiye shi cikin gwangwani ko roba mai murfi, nesa da murhu da hasken rana, kuma a ajiye tare da shi mazubin da aka riga aka auna aka yi wa alamar lita ɗaya.